Kitson Mansura

Sadatu ba barci take yi ba. Ta dai rufe fuska da gefen mayafi, ta bar ƙofa kaɗan, don haka da idonta ta ga Gwaggo Ɗayyaba ta sunkuya a kan gadon Mansura, 'yar Sadatun, ta tsince wani silin kitso da ya faɗi kan matashi, ta waiga hagu da dama, ta ƙulle shi a bakin zane.

Ashe ba ƙarya matan ɗakin suke yi ba.

Tun da aka kwantar da su a ɗakin yara masu ciwon daji na asibitin Birnin Kebbi take jin zancen wannan tsohuwa. Ba ma'aikaciya ba ce, ba ta kuma da majinyaci. Kullum da hantsi take zuwa daga Badariya da kunu a fulas, ta wanke wa wannan zane, ta riƙe wa waccan yaro ta samu ta yi wanka. Ma'aikatan jinya sun ce haka take tun rasuwar jikarta. Amma matar da ke gadon kusa da taga ta rantse cewa duk gadon da Gwaggo ta cika zama a kai, ba a daɗewa ake naɗe katifarsa. Ba wadda ta furta kalmar maita, sai dai kunu ya yi ta hucewa a kofuna.

Sadatu kuwa ta sha kunun nan har ta nemi ƙari. A garinsu Argungu ko taje kai mace ta yi, sai ta tattara gashin ta tura a ramin bango. Maganin da ake ɗura wa Mansura ya sa kitsonta yana cirewa ɗaya bayan ɗaya, har yarinyar ta daina yarda a cire mata hijabi, ta daina fita baranda. Ita uwar duk zatonta masu shara ke kwashewa.

Ta fita waje ta kira mijinta Maiwada, wanda ke can bakin gulbi da taru. Bai bari ta ƙarasa ba.

"Gashin ɗiyata? To mi kika jira? Ki ɗauko ta ku taho gida yau ɗin ga."

Ta tuna masa gobe ne ranar ƙarin ruwan magani, kuma likita ya ja kunnenta cewa in aka tsallake, ciwon zai dawo da ƙarfinsa. Maiwada ya ce likita ciwo ya sani, bai san mutane ba. Ita ma a ranta haka ta gani.

Da azahar, ma'aikatan jinya sun tafi salla, ta cusa kayansu a buhu ta goya Mansura, wadda duk da shekarunta shida ba ta fi tulun ruwa nauyi ba. A baranda suka wuce Gwaggo tana zaune kan tabarma da allura a hannu. Tsohuwar ta ɗago ta dubi buhun, ta dubi goyon.

"Sadatu, ina zuwa da rana haka?"

"Nan kusa," in ji ta, tana karanta addu'a a zuci. Ba ta waiga ba har ta tari Keke Napep.

A tasha aka matse su a bayan motar Argungu, tsakanin buhun albasa da wani dattijo mai gyangyaɗi. Sai da suka fita gari, fadamun shinkafa suka fara bayyana wajen Zauro, sannan Sadatu ta saki numfashi. Tsoro ya ragu, baƙin ciki ya maye gurbinsa, don ta san abin da ta baro, ba ta san abin da za ta tarar ba.

Nan ta ji yarinyar tana mutsu-mutsu, tana ciro wani abu daga cikin riga. Sadatu ta fizge. Wata 'yar hula ce ta yadi mai laushi, ruwan goro. A bakinta, zagaye, an ɗinke silin kitso da ƙananan ɗinki, kowane da ɗan dutsen ado ja a ƙarshensa. Ta gane duwatsun. Ita ta saye su a kasuwar Argungu, ita ta yi kitson da hannunta kafin su taho.

"Wa ya ba ki wanga abu?"

"Gwaggo. Inna, ba ni, nawa na."

Mansura ta janye hijabinta a gaban duk mutanen motar, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta kifa hular, ta ɗaura ɗankwali a kai. Kitson ya leƙo ta ƙarƙashi, ya kwanta a wuyanta kamar bai taɓa barin wurin ba. Ta miƙa wuya tana neman fuskarta a madubin direba, ta girgiza kai don duwatsun su yi ƙara. Sannan ta taɓa bayan kunnenta na hagu, inda akwai giɓi.

"Saura guda nan. Ta ce gobe in an gama sa min ruwa, in ban yi kuka ba, sai ta ɗunka min shi."

Sadatu ta daɗe tana kallon giɓin. Matar gadon taga ta faɗo mata a rai, da katifun da aka naɗe, da Maiwada da ke jira. Ta sake duban fuskar 'yarta. Ta ƙwanƙwasa jikin mota ta ce akwai sauka.

Direba ya yi mita, ya ce ko rabin hanya ba a yi ba, kuma ba zai mayar da komai ba. Ta sauke buhunta, ta gyara goyo, ta tsallaka titi zuwa hannun masu komawa Birnin Kebbi. Waya ta fara ruri a ƙugunta. Ta bar ta tana yi, ta ɗaga hannu tana tsayar da mota.