Jiminar Issouf

Issouf maƙerin ƙarfe ne, kuma abokina tun muna yara, shi ya sa ba na iya ce masa a'a ko da rigima ya zo mini da ita. Shi ya ƙera jiminar nan da ke tsaye a mararrabar unguwarmu a Agadez, wadda ta ɗara raƙumi tsawo. Da tarkacen motocin Sahara ya haɗa ta: wuyanta bututun hayaƙi, fukafukanta sarƙoƙin babur, idanunta kuwa fitilun wata mota ce da ta mutu a hanyar Séguédine. Ni Abdul'aziz, ɗaukar hoto ne sana'ata.

Abin da ke ci wa Issouf tuwo a ƙwarya shi ne mahaifiyarsa, Inna Hajara. Tana can Iférouane, ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya. Tun da ya bar lambun babansa ya shigo birni ba ta yarda yana wani abin kirki ba. Duk wanda ya tambaye ta labarinsa, sai ta ce yana can yana tsintar gwangwani. Yakan faɗa mana haka yana dariya, amma ni na san abin na yi masa zafi.

Wata safiya ya shigo shagona ya ce hoton jiminar yake so, babba, a kai wa Inna ta gani da idonta. Ya kafa mini sharaɗi: ba mutum, ba akuya, ba ɗan kabu-kabu da babur ɗinsa, tsaf kamar hotunan manyan gine-ginen da ake sawa a kalanda. Na ce wannan ai cin tuwo ne.

Ashe tuwon da ƙashi. Inuwar jiminar ta fi kowace inuwa daɗi a wurin, kuma Ɗan Lami mai shayi ya riga ya mai da ita falonsa. In ka lallaɓa shi ya matsa, sai awaki su maye gurbinsa. In ka kori awaki ka ɗaga na'ura, sai ka ji sallama a bayanka. Mutumin Agadez kuwa ba ya gaisuwar tsaye-tsaye. Sai ya tambayi gida, da gajiya, da zafi, da yara, ya sake dawowa kan gidan. Kafin ya sakar maka hannu hasken safiya ya tsere, wata mota ta zo ta yi girshi a gabanka. Haushi ya sha kama ni, amma wa zai yanke gaisuwar dattijo saboda tsuntsuwar ƙarfe?

Da na gaji, sai na fito da tsakar rana, lokacin da ko ƙadangare ya nemi rami. Na durƙusa ƙasa har gwiwata ta ƙone, na sa jiminar ta tokare sama, hanya fayau a bayanta, jan bango a gefe. Hoto ya yi kyau, ba yabon kai ba. Muka wanke shi, muka ba wani direban motar albasa mai komawa arewa.

Bayan 'yan kwanaki Munira, ƙanwar Issouf da ke zaune da Inna, ta aiko da saƙon murya. Ta ce Inna ta daɗe tana kallon hoton, can sai ta nisa ta ce, "Ashe a daji suka yar mishi da ita." Wai har tana tambaya ko Issouf ya yi faɗa da mutanen gari ne, tun da ko mutum guda bai yarda ya tsaya kusa da aikinsa ba. Ranar ko abincin dare ba ta ci sosai ba.

Na fara dariya, da na kalli fuskar Issouf sai na haɗiye ta. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Muka koma neman mutanen da muka sha wahalar kora. Nan ma wata sabuwa. Da zarar sun ga na'ura sai kowa ya ƙame, hannu a cinya, ido a zare, kamar masu hoton katin ɗan ƙasa. Na duba abin da na ɗauka, na ga in Inna ta gan shi cewa za ta yi an kama su ne tare da ɗanta.

Sai na bar wa Juma'a. Ban gaya wa Issouf komai ba, na dai ce ya jira ni a gindin jiminar in an sauko daga masallaci. Na yi sallata a sahun ƙarshe kusa da takalma, ana sallamewa na ruga na haye rufin wani shago da ke kallon mararrabar, na kwanta rub da ciki.

Jama'a suka ɓarko cikin manyan riguna da rawuna, fari da shuɗi. Ban yi gaggawa ba. Da farko ƙeya kawai nake gani. Sannan wani ɗan kabu-kabu ya zo ya tsaya daidai inda ba a son sa, na yi ta yi masa addu'ar samun fasinja. Rufin kuwa yana gasa mini ciki kamar masa a tanda. Can sai hanya ta buɗe. Wani tsoho ya kama hannun Issouf da hannu biyu, ya faɗa masa wata magana, Issouf ya ƙyalƙyale da dariya. Wasu na gefe sun miƙo hannu suna jiran nasu, Ɗan Lami ya ɗaga buta sama yana tsiyaya shayi, jiminar kuma ta leƙo ta saman kawunansu. Wutsiyarta ba ta shiga ba, ban damu ba, na danna.

Muka wanke wannan ma, muka aika wa Inna. Wannan karon saƙon da ya zo ya fi tsawo. Munira ta ce Inna ta bi fuskokin da yatsa ɗaya bayan ɗaya tana tambayar wane ne wannan, ɗan gidan wa ne wancan, har ta sa aka kira mata maƙwabta. Daga nan muka ji muryar tsohuwar da kanta.

"Issouf, tsuntsuwar taka ƙafa guda ta hi guda tsawo, ka gyara ta. Amma na ga mutanenka, hankalina ya kwanta. Ka gaishe mini da tsohon ga da ya riƙe maka hannu."

Issouf ya saurara, ya sake saurara, ya goge ido da gefen rawaninsa. Sannan ya juyo ya ce mini ƙafafun jiminarsa daidai suke, na'urata ce mai karkata abu. Ban yi masa musu ba. Da la'asar na bi ta mararrabar, na hango shi durƙushe da igiya a hannu yana gwada ƙafafun, yana ta murmushi shi kaɗai.