Gumin Mai Katifa

Mai Katifa mutum ne da Allah ya haɗa shi da sana'ar da ta dace da halinsa. Shagonsa na bakin titi, katifu jingine da bango har rufi, shi kuwa kullum yana kishingiɗe a kan ɗaya daga ciki. In mai saye ya shigo ya same shi a haka, sai ya ce gwaji yake yi, don ba ya sayar wa mutane abin da bayansa bai shaida ba.

A gida ma an san shi da uzuri. Ranar da za a matsar da firji, ƙugunsa ke riƙewa. Ranar da famfo ya ɗauke aka ce a hau bene da ruwa, gwiwa ce. Matarsa ta daɗe da daina musu da shi. Sai dai ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Baban yara," ta sunkuci bokitin da kanta.

Ana nan sai likita ta auna jininsa, ta dubi tumbinsa, ta ce ko dai ya fara motsa jiki, ko hawan jini ya yi masa kwanciyar da ba ta gwaji ba. Maganar ta shige shi. Ya sayi takalmin gudu fari fat da wando mai roba, ya fito da safe kamar buhun da aka ɗaure a tsakiya, ya kama sassarfa.

Bai kai gidan man da ke kwanar layinsu ba ya ji ƙaiƙayi a wuya, kamar tururuwa sun yi masa taro a cikin riga. Da ya yaye rigar sai ya ga ƙirjinsa da cikinsa sun yi rudu-rudu, ƙuraje manya da ƙanana, wasu har sun haɗe da juna. Ya zube a kan wani dakali yana susa da hannu bibbiyu. Ya huta, iska ta buge shi, sannan ya lallaɓa gida. Kafin ya gama buɗe ƙofa, fatarsa ta koma sumul.

"Maman yara, gudu ba ya karɓa ta," in ji shi. "Jikina ƙuraje yake yi."

Ta ɗaga rigar ta duba gaba, ta juya shi ta duba baya.

"Ina suke?"

"Sun baje."

"Allah sarki. Su ma ba sa son wahala."

Wannan dariya ta yi masa ciwo. Shekara da shekaru yana ƙera ciwon ƙarya ana kawar da kai, yau da ya zo da na gaske, sabo ful, babu mai karɓa. Ya rantse a ransa sai matar nan ta yarda da shi.

Washegari ya sake fita, abin ya sake tashi, ya ɗauki hotonsa da waya. Da ya koma gida ya tarar da ƙanin matar ya zo gaishe su, ya miƙa musu wayar cikin gadara.

"Yaya, ai babu fuska a hoton nan," in ji ƙanin. "Wannan tumbin kuwa, rabin magidantan garin nan suna da irinsa."

Suka je asibiti. Layi ya yi tsawo, ɗakin jiran kuma sanyi ƙalau, don haka da aka kira shi babu ko ɗigon ƙurji a jikinsa. Likita ta ce abin na iya faruwa, amma tana so ta gani da idonta. A mota matar waƙa kawai take yi ƙasa-ƙasa.

Sai ya yanke shawarar kawo mata abin har gida. Wata rana bayan ya cika cikinsa da abincin rana, tana zaune a bakin ƙofa tana ninke wanki, ya ɗaure takalmi ya ce ta zuba ido. Ya sauka matattakalar benen da gudu, ya hau, ya sake sauka. Maƙwabta suka leƙo, don ba su taɓa ganin sa yana hawa ba tare da tsayawa hira a tsakiya ba.

Ƙaiƙayin ya zo, ya yi murna. Amma wannan karon bai tsaya a ƙirji ba. Leɓensa ya kumbura suntum, idanunsa suka ƙanƙance, maƙogwaronsa ya matse kamar an sa masa igiya. Ya tsaya a gabanta zai ce, "Kin gani?" sai wani fito siriri ya fita maimakon murya. Wankin ya watse a ƙasa. Ihun da ta yi shi ya fito da maƙwabcin da ya kai su asibiti.

Bayan an yi masa allura numfashinsa ya dawo, likita ta tsaya a kansa ba fara'a.

"Borin jini ne, kuma motsa jiki ke tayar maka da shi. Ba abin wasa ba ne, yau da kun makara da labarin ya canza. Duk abin da zai ɗumama jikinka har ka yi gumi, a dakata da shi tukuna sai mun gama bincike."

Mai Katifa ya juya ya dubi matarsa da kumburarren leɓe. Tana kuka tana cewa ya yafe mata. A ransa ya ce ko yanzu allura ta biya.

Kwanakin farko ya sha sarauta. Ko rimot ba ya miƙa hannu ya ɗauka. Daga nan dokoki suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Aka hana shi wanka da ruwan zafi. Shayinsa sai ya huce ya zama kamar ruwan wankin kofi. Barkono ya ɓace daga tukunya. Aka hana shi kallon ƙwallo, wai yana zabura in an zura. Fanka kuwa duk inda ya zauna sai an juyo masa da ita. Ran nan ya shigo falo ya ga filonsa da mayafinsa a kan doguwar kujera.

"Wannan fa?"

"Likita ta ce duk abin da zai sa ka gumi."

"Haba, Maman yara, ai ba ta nufin..."

"Duk ta ce. Ina wurin."

Shi da kansa ya matsa a koma asibiti. Likita ta ba shi ƙwayar da zai riƙa sha da allurar gaggawa da zai riƙa yawo da ita. Ta ce ya ci gaba da tafiya a ƙafa sannu a hankali, lokacin da gari ya yi sanyi, ba da cikakken ciki ba, kuma kada ya fita shi kaɗai. Hawan jinin yana nan, bai tafi ko'ina ba. Sauran harkokin gida kuma, ta ce tana kallon takardunta, babu laifi.

"Kin ji ko?" in ji shi.

"Na ji," in ji matar. "Amma, Likita, in ya faɗi ba ke za ki riƙe marayun ba."

Don haka yanzu a ɓoye yake motsa jiki. Da la'asar yakan ja ƙofar shago, ya zaga filin da ke baya yana tafiya kamar ɓarawo, ƙanin matar na biye da shi riƙe da allura yana cewa, "Yaya, ɗaga ƙafa mana, ko kunkuru ya fi ka zuciya." Kafin ya koma gida sai ya goge jikinsa da tawul, ya ɓoye takalman a bayan kantar shago.

Jiya ta tare shi tun daga bakin ƙofa.

"Ina ka yini?"

"A shago. A kwance."

Ta sa ɗan yatsa ta shafo bayan kunnensa, ta duba, ta nuna masa.

"Baban yara, wai kai yaushe za ka daina ƙarya?"