Wurin da Malam Isiyaku Ya Danna

Zango biyu Malama Haulat ta yi tana fama da 'yan ajinta a wata sakandaren 'yan mata da ke bayan Ƙofar Durbi. Kwamfutocin hannu goma sha biyu aka ba makarantar, suka shekara a kabad, sai ita ta roƙa aka fito da su. Ta sa ɗalibai suna rubuta labari a cikin manhaja, su karanta na juna, ita kuma ta bi layi-layi tana ajiye gyara a gefe. Yarinyar da a da ba ta iya haɗa jimla uku, sai ga ta da shafi biyu a kan kakarta mai sai da daddawa a Babbar Kasuwa.

Malam Isiyaku, shugaban sashen harsuna, in ya zo wucewa sai ya leƙo ya ce, "Malama, har yanzu ana wasan wayar?"

Da aka ce waɗanda suka ba da kwamfutocin za su zo duba aiki, sai ya canza. Ya ce a sa shi cikin manhajar don ya duba. Ranar Alhamis Haulat ta buɗe shafin farko na tarin labaran, ta ga babu sunanta. Nasa ne a wurin, da manyan baƙaƙe.

Ba ta kai ƙara ba. So take ya ji abin da ta ji, kuma a gaban mutane.

Ranar Litinin da safe, ranar da baƙin za su zo, ya same ta a ɗakin malamai, ya tsawaita gaisuwa har da tambayar mutanen gida, sannan ya ce ta nuna masa yadda ake haska labaran a bango. Ta nuna masa a tsanake.

"In ka gama, Malam, ka danna nan. Baƙi na son ganin wurin."

"Mi ke ciki?"

"Tarihin aikin ne, tun daga farko."

Aka kaɗa ƙararrawa, ya tafi bai buɗe ba.

Baƙi uku suka zo, babbansu wani dattijo, Alhaji Lado. Malam Isiyaku ya yi bayani mai daɗi, yana faɗin irin wahalar da ya sha kafin yaran su saba. Haulat na tsaye a bayan aji. Da ya gama, ya danna wurin.

Jeri ya cika bango, kowane gyara da sunan wanda ya yi shi. Haulat, Haulat, Haulat, har ƙasa. Sunansa sau ɗaya ya fito, a can sama. Alhaji Lado ya gyara tabarau ya karanta a fili: Isiyaku ya goge sunan Haulat, ya rubuta nasa, Alhamis, sha ɗaya da kwata.

Malam Isiyaku ya kai yatsa zai rufe, rubutun ya ƙara girma. Shugabar makaranta, Hajiya Rahmatu, ta yi wa Haulat alama da ido ta zo ta kashe. Haulat ta kau da kai. Ta bar shi yana gumi yana danne-danne, har Alhaji Lado ya tambaya wace ce Haulat, 'yan aji suka juya gaba ɗaya.

Bayan kwana biyu ya tare ta a bakin aji, ya ce ta yafe masa, sharrin shaiɗan ne.

"Ba a nan ba, Malam. A taron malamai."

Ranar Juma'a ya miƙe a taron, kansa a ƙasa, ya faɗi abin da ya yi da ƙaramar murya. Hajiya Rahmatu ta ce to, ya wuce, Allah Ya kiyaye gaba. Haulat ta ɗaga hannu.

"Hajiya, na baya ba su ji ba."

Malam Isiyaku ya dube ta, ita ma ta dube shi, ba ta ƙifta ba. Ya sake farawa daga farko.