Batirin Inna Laraba

Ni Jibrilla, mai rumfar caji a kasuwar Isa, ba abin da ke ƙona mini rai kamar mutum ya zo yana zagin solata, wai ba ta cika batir. Ai waya ba baki ɗaya gare ta ba. Layin Najeriya na cin batir, layin Nijar na ci, data na ci, bulutut mai haɗa waya da waya na ci. Ga ƙauyukanmu sabis sai an hau tudu, in babu shi kuma waya ba ta san haƙuri ba, nema take yi har ta ƙarar da kanta. Shi ya sa kowa ya zo nake kashe mishi abin da ba ya amfani da shi, ya so ko ya ƙi.

Inna Laraba ta Turba kam ta gagare ni. Tun daminar bara ɗanta Kalilu ya fita da safe bai komo ba. Wasu suka ce mutanen daji sun ɗauke shi, wasu suka ce ya ƙetara Nijar. Don haka layukanta biyu ba a taɓa su, ta ce ba ta san ta wane ɓangare zai kira ba. Wannan na yarda. Amma bulutut fa? Kowace ranar kasuwa in kashe shi, ta komo da shi a kunne, batir ya mutu murus.

Ran nan na kasa daurewa. Na ce mata tsakani da Allah batirin ya tsufa, ba zai ɗauki layi biyu da bulutut ba, in tana son kiran ɗanta ya same ta sai ta bar abin nan a kashe. Sai ta ce Kalilu ne ya haɗa wayarta da tashi don ya riƙa tura mata karatu, in ya kusato sai sunanshi ya fito.

"To yana fitowa," in ji ta. "Can ƙarshen gonarmu."

Na yi dariya, Allah ya yafe mini. Na ce ƙila wani ne ya sayi wayar yana wucewa ta nan. Ta ce in zo in gani.

Washegari da hantsi na ɗauke ta a babur. Batirin ya riga ya yi ja, sai na roƙe ta ta bari in kashe layukan na ɗan lokaci. Da ƙyar ta yarda. Muka ratsa gero tana gaba, ina bin ta da wayar a hannu. Babu kowa, ko tsuntsu ban ji ba.

Kusa da wata tsohuwar kuka wayar ta yi ƙara. Na duba, ga sunan Kalilu, ta nuna an haɗu.

Na waiga, ba kowa. Bulutut dai ba ya kaiwa nisa, iyakarshi faɗin tsakar gida. Na zagaye kukar, na leƙa kogonta, na ɗaga kai sama. Na ja baya, sunan ya ɓace. Na matso, ya komo. Kuma wace waya ce za ta shekara ba caji? Inda sunan ya tsaya cak bai ƙara ɓacewa ba, geron wurin ya fi na ko'ina tsawo, ya yi baƙi ƙirin don ƙoshi.

Wallahi tsoro na ji. Na ce mata za ni kira mai gari a zo a haƙa. Ita ba ta dube ni ba. Ta durƙusa ta dafa ƙasar da tafin hannu, ta daɗe a haka, har wayar ta ɗauke a hannuna.

Mai gari ya sa aka haƙa bayan azahar. Ban tsaya ba, amma na ji an yi sallar gawar Kalilu kafin la'asar ta fita, kuma ba a samu waya a ramin ba.

Ranar kasuwa Inna Laraba ta zo kamar kullum. Na cika mata batir, na kai yatsa za ni kunna layukan kamar yadda ta saba so. Ta riƙe mini hannu.

"Bar su a kashe, ɗana. Ba mai kira na." Ta nuna bulutut ɗin. "Wanga ɗai za ka bar mani."