Gawon Chaibou

Laouali direba ne a gidan Dakta Halina, likita 'yar ƙasar Poland da ke zaune a Unguwar Ofisoshin Jakadanci ta wani babban birni a ƙasar waje. Wata Talata a 2016 wansa ya kira daga gida. Birnin Maraɗi ya iso bakin gonar marigayi mahaifinsu Chaibou, za a yanka ta filaye, amincewar Laouali kaɗai ake jira.

Da la'asar, cikin cunkoson hanyar unguwar Dira, ya ba Dakta labari.

"Ƙauyenmu ya shekara ɗari shida," in ji ta. "Birni ya haɗiye shi ina 'yar shekara tara. Inda muke kiwon agwagi yanzu benaye ne."

"Me ya rage, Dakta?"

"Sunan, a jikin tashar bas. Kuma har yau mahaifiyata, tana tsakiyar birnin, in za ta kasuwa sai ta ce za ta shiga gari."

Laouali ya dubi kwalta tana rawa cikin zafi. Sai ya ga kamar gero ya tsiro tsakanin motoci, agwagin Dakta na ratsa shi, mahaifinsa na biye da hauya a kafaɗa. Na baya ya danna hon.

Da ya sauke ta, ya kira wansa.

"Yaya, a yanka. Amma a bar gawon nan na tsakiya, a sa wa unguwar sunansa, Gawon Chaibou."

"Kai ma dai," in ji wan. "Ai tun bara 'yan kabu-kabu haka suke kiran wurin. Bari in shiga gari in nemo mai awon filaye."