Na Zare Wayar da Hannuna

…kuma ba wanda ya sa ni, ni na zare wayar lantarkin da hannuna. Gwaji ne kawai. In ɗan akwatin nan da ke tafiyar da gidan ya mutu wata rana, yaya za a tashe shi? Fitilu, fankoki, injin ruwa, ƙofar get, duk umarninsa suke bi. Ni na haɗa shi. Na ajiye kwafin komai, na sayi akwati na biyu saboda irin wannan rana. Tsohon kuwa na goge shi tas, wai don gwajin ya zama na gaske. Taurin kai. Ga sabon a cinyata, na jona shi, yana ƙifta mini ido... kalmar sirri yake nema kafin ya buɗe kwafin.

Kalmar sirri.

Fanka ta tsaya, zufa na bin gadon bayana. Labule ya maƙale a rabi. Gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa.

"Mantuwar za ta riƙa ƙaruwa a hankali." Haka likita ya ce, yana kallon Maman yara, ba ni ba, sai ka ce na riga na fita daga ɗakin. Shi ya sa na ce bari in shirya gidan tun ina da sauran kai, in koya mata. Na bari sai da ta tafi kasuwa, in gwada ni kaɗai tukuna — kada in ji kunya a gabanta.

Lambar tsohuwar motata? Ya ƙi. Ranar aurenmu? Ya ƙi. Sunan autarmu ne, tabbas. Sunanta... tsaya. Mai wushiryar nan, wadda ke karatun jinya. Ni na yi mata huɗuba a kunne, da bakin nan. Zai dawo. Yana nan kusa, ina jin nauyinsa a harshena...

A falon nan abokaina suka zauna, na ce "haske", fitilu suka kama, suna ta tafi, Injiniya sai kai. Injiniya! Yau ga Injiniya a ƙasa, tsakanin wayoyi, bai san ja daga baƙi ba. Tsoro nake ji. Wallahi tsoro nake ji, kuma ba na akwatin ba.

Hon ɗin mota. Maman yara ta dawo. Get ba zai buɗe ba, tana waje cikin rana da kayan cefane, ni na kulle ta a ƙofar gidanta. In tashi? In je in ce mata me?

Ƙarar ƙarfe... makulli? Ai na cire makullan gidan nan tuntuni. Ga takunta a baranda. Ga ta. Ta dube ni, ta dubi wayoyin. Ta zura hannu bayan kabad — ƙyas. Fanka ta fara juyawa.

Makunni. Makunni na hannu, a bangona.

"Injiniya, ka ci abinci kuwa?"

Ashe ta riga ni shiri. Ba akwatin take jira ya mutu ba... Yaushe aka sa shi? Wa ta kira? Aikin ya yi tsaf, yadda nake yin nawa. Ina nan aka sa?

Ko ni na sa mata?