Amfilifar Baba Yussif

Ƙarfe uku na ranar Juma'a, zafi ya kwanta a kan Sanaiya, unguwarmu ta baƙin ma'aikata a ƙasar Larabawa, ko kyanwa ba ta fita. Ina durƙushe a bayan amfilifar Baba Yussif da kebul a hannuna.

"Ba wannan ba, Ɗalhatu. Na jita ne. Ɗauko mai kaurin."

Daga kwance yake magana. Mutumin Kumasi ne, gadonsa na kallon nawa, gadi muke yi a kamfani ɗaya. Sati biyu ke nan ƙirjinsa na damunsa, ko sunkuyawa ba ya iyawa. A ranar ake bikin 'yarsa Mubarika a can gida, ya kuma yi mata alkawarin zai kaɗa mata jita ta waya. Sifikun cikin amfilifar sun yage tun bara, shi ya sa ya aro wani babban akwatin sifika a gareji.

"Ka cire ta daga wuta?"

"Na cire, Baba."

"To. Ramuka biyu ne a bayanta, hagu da dama. Akwatin ma biyu. Hagu ya tafi hagu, dama ya tafi dama. Kar ka haɗa su a rami ɗaya, za ta ƙone. In ta ƙone, khalas, shi ke nan, ba ni da wata."

Surajo, direban da ke gadon sama, ya leƙo. "Wai duk wannan don ku hana ni barci ne? Tsoho da kai, kana kiɗa kamar ɗan gala."

"Kai dai ka yi aure tukuna, sannan ka yi magana."

Ya sa na karanto masa lambar da ke jikin akwatin. Takwas. Ta bayan amfilifar ma takwas. Ya ce akwai ɗan makunni kusa da ramukan, in tura shi wajen da aka rubuta sitiriyo. Na tura. Sai da ya sa na taɓa kowane kebul ya ji ya zauna, sannan ya ce in kunna, murya a ƙasa.

Ta yi ɗan gurnani, ta yi shiru. Ya ɗauki jitar ya taɓa tsirkiya ɗaya, ɗakin ya cika.

Na jingina shi da filo biyu, na riƙe masa waya. Mubarika ta fito a fuskar wayar da lalle har gwiwar hannu, mata na guɗa a bayanta. Ya fara. Yatsunsa na zuwa inda ya aike su. Bai yi nisa ba hoton ya tsaya, kiran ya yanke. Idonsa a rufe yake. Ban sauke hannuna ba har ya gama.

"Ta ji?"

"Ta ji, Baba."

Ranar Lahadi da hantsi ya rasu a asibiti. Ina bakin get aka gaya mini. Na ce innalillahi, na ɗaga wa wata mota sanda ta wuce. Ban ji komai a raina ba. Da yamma na dawo, an riga an naɗe katifarsa.

Surajo na zaune a kan ƙarfen gadon. Ya ce in ba shi lambar yarinyar. Ashe ran nan daga sama ya ɗauki kiɗan a wayarsa, tun daga farko har ƙarshe. Ya tura mata.

Muka zauna muna kallo. Alamar saƙon ta koma shuɗiya, Mubarika ta buɗe ke nan. Ba ta rubuto komai ba. Surajo ya sa wayar a aljihu, ya ɗauki makullin mota ya fita.